Gidan Kallo Da Filin Wasa: Yadda Gasar Ƙwallon Najeriya Ta Rasa Amanar Masu Kallonta

Akwai wani ƙorafi da ake yawan ji daga bakin dattawan da suka ga zamanin Raccah Rovers da Mighty Jets, cewa yaran yanzu sun san sunan kowane ɗan wasan Arsenal har da masu zaman benci, sun san nawa Real Madrid ta sayi wane, amma idan aka ce su lissafo mutum biyar daga cikin 'yan wasan ƙungiyar jiharsu sai su yi shiru. Ƙorafin gaskiya ne, domin duk wanda ya ratsa unguwannin Kano ko Kaduna ko Bauchi da yammacin Asabar ya ga yadda rumfunan kwano ke cika maƙil da matasa, janareta na ruri a waje, an rubuta wasannin ranar da alli a jikin allo. Abin da ban yarda da shi ba shi ne hukuncin da ake yankewa daga wannan ƙorafi, wato wai matasanmu ba su da kishin gida, ko kuwa son abin Turawa ne ya rufe musu ido. A ganina mai kallo bai guji ƙwallon gida ba sai da ta daina ba shi abin da ake zuwa kallo dominsa, kuma dalilan hakan suna cikin yadda aka gina gasar, da wanda ke biyan kuɗinta, da wanda take ƙoƙarin faranta wa rai.

Ya kamata a tuna cewa Arewa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Da aka fara gasar ƙasa a 1972, Mighty Jets ta Jos ce ta fara ɗaukar kofin, a 1978 kuma Raccah Rovers ta kawo shi Kano. Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na gasar Afirka ta ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙalubale a 1988, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri kuwa ta ci kofin ƙalubale sau biyu a jere, a 1991 da 1992. A wancan lokaci wanda bai samu shiga fili ba yakan kafa kunne a rediyo, kuma ɗan wasan da ya zura ƙwallo a ƙarshen mako za a gan shi a kasuwa ko a masallacin unguwa, ana nuna shi da baki. Ƙungiya ta mutanen gari ce, ko da kuwa kamfani ne ko wani attajiri ke riƙe da ita.

Sauyin ya zo ta hanyoyi biyu da suka haɗu a lokaci guda. Daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta riƙa zubewa, kamfanoni da attajiran da ke riƙe da ƙungiyoyi suka fara janye hannu, har manyan ƙungiyoyi irin su Leventis United da Abiola Babes suka watse kafin ƙarshen shekarun 1980. Ɗan wasan da ya ƙware ya gane cewa albashin wata ɗaya a Beljiyam ko Holand ya fi abin da zai tara a gida cikin shekaru, sai aka fara ƙaura. A ɗaya ɓangaren, Ingila ta sake wa gasarta fasali a 1992, ta sa mata suna Firimiya, ta gina ta kacokan a kan kuɗin talabijin, sannan tauraron ɗan'adam ya fara kawo ta cikin gidajen masu hali a Najeriya. To a nan ne nake ganin ana zaluntar matasa idan aka ce son Turawa ne ya ja su, domin tun farko 'ya'yanmu suka bi. Daniel Amokachi, wanda ya taso a Kaduna ya buga wa Ranchers Bees, ya koma Everton a 1994. Celestine Babayaro, shi ma ɗan Kaduna, ya tafi Chelsea a 1997. Nwankwo Kanu ya shiga Arsenal a 1999, a watan Oktoba na shekarar kuma ya zura wa Chelsea ƙwallo uku cikin minti 15 na ƙarshen wasa, kuma da yawa daga cikin magidantan da ke goyon bayan Arsenal a yau daga wannan zamani suka kamu. Okocha ya je Bolton a 2002, Mikel Obi ɗan Jos ya je Chelsea a 2006. Mutane sun bi nasu ne zuwa can, da nasu suka yi ritaya kuma sai son ƙungiyoyin ya zauna, har ya zama gado da uba ke bar wa ɗa.

Shi kansa gidan kallo talauci ne ya haife shi. Kuɗin biyan tasha a wata ya fi ƙarfin yawancin magidanta, wutar lantarki ba ta da tabbas, saboda haka sai mutum ɗaya ya sayi akwati da faranti da janareta, ya jera bencina, ya raba nauyin a kan mutum ɗari ko fiye. Ko bayan cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 da faɗuwar naira da ta biyo baya, waɗanda suka sa masu gidajen kallo ƙara kuɗin shiga, har yanzu yana cikin nishaɗi mafi sauƙi da saurayi zai iya samu. Ƙarfin wannan al'ada ya bayyana a 2014, lokacin da aka tayar da bam a wurin kallon ƙwallo a Damaturu ana tsakiyar wasan Brazil da Mexico na kofin duniya, wasu jihohi suka ba da umarnin rufe gidajen kallo, amma da ƙura ta lafa mutane suka koma. Haka al'adar gidan kallo take a Maraɗi da Damagaram da zangon Kumasi. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: me ake sayarwa a wannan rumfa da ba a samu a filin wasa?

Abu na farko shi ne cika alkawari. Idan aka ce Liverpool za ta kara da Manchester City ranar kaza da ƙarfe kaza, tun watanni kafin ranar an sani, kuma idan lokacin ya yi za a busa usur. Gasar gida ta daɗe ba ta da wannan hali. A 2018 rikicin shugabancin hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ya sa aka tsayar da gasa bayan mako 24, aka miƙa wa Lobi Stars tikitin wakiltar ƙasa domin ita ce ke saman teburi. A 2019 an yi gajeriyar gasa ta rukuni biyu, kakar da ta biyo baya annobar korona ta katse ta, a 2023 kuma aka sake yin gajeriya. Mai goyon baya ba zai iya tsara makonsa a kan abin da bai san ranar farawarsa ba.

Abu na biyu shi ne ya fi muhimmanci, kuma a kansa nake so in daɗe. Daɗin ƙwallo yana cikin rashin sanin yadda za a tashi. Ana zaune ne minti 90 domin babu wanda zai iya rantsuwa cewa babba zai ci ƙarami, shi ya sa har yau ake maganar yadda Leicester City ta ɗauki kofin Firimiya a 2016. A gasarmu kuwa shekaru da dama aka yi ana tafiya a kan wata doka da ba a rubuta ba, cewa mai gida ba ya faɗuwa a gidansa. Ƙungiya takan ci kusan duk wasanninta na gida, ta sha kashi a kusan duk na waje, wata ma ta kammala kaka ba ta ci wasan waje ko ɗaya ba. Idan aka kai minti 85 ana kunnen doki, masu kallo da kansu sukan fara jiran bugun fanareti, ko ƙarin lokacin da ba ya ƙarewa sai ƙwallo ta shiga. Abin ya kai har kamfanin da ke gudanar da gasar a shekarun baya ya sa tukuicin kuɗi ga ƙungiyar da ta yi nasara a waje, wanda shi kansa shaida ne cewa an san akwai ciwo. Mutumin da ya riga ya san sakamako ba shi da dalilin biyan kuɗin mota da na tikiti, kuma idan ya je, ba kallo ya je yi ba, ya je karɓar abin da yake ganin haƙƙinsa ne.

Ina cikin masu alfahari da Kano Pillars, kuma alfaharin yana da tushe. Ƙungiyar da aka kafa a 1990 ta ci gasar ƙasa a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, ta kuma ci kofin ƙalubale a 2019. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar, wadda ke riƙe da kofin zakarun Afirka a lokacin, bayan an tashi 2 da 2 a Alƙahira, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe inda Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. Babu alƙalin wasan gida da ya yi mata wannan aiki, ƙwarewa ce. Amma tarihin da aka fi yi wa kirari, na shekara 12 ba a doke Sai Masu Gida a Kano ba, daga 2003 har zuwa 2015 da Nasarawa United ta ci ta 2 da 1, tarihi ne mai fuska biyu. Yana nuna ƙarfin ƙungiya da ƙarfin jama'ar da ke cika filin Sani Abacha na Ƙofar Mata. Yana kuma nuna irin gasar da aka kafa shi a cikinta, inda baƙo kan shigo fili da sanin cewa ko da ya fi iya wasa, fita da maki uku na iya zame masa fitina. Mafi munin abin da irin wannan tarihi ya bari shi ne tarbiyyar da ya yi wa magoya baya, domin ya koya wa tsara guda cewa rashin nasara a gida ba abu ne da ke faruwa a wasa ba, cin amana ne da dole a nemo wanda ya aikata shi.

Sakamakon wannan tarbiyya mun gan shi da idonmu. A watan Afrilu na 2022 aka farfasa motar Katsina United a Kano, aka cire wa Pillars maki uku, aka ci ta tara, aka mayar da wasanninta Abuja, kuma a ƙarshen wannan kaka ƙungiyar da ta ci kofi huɗu ta faɗa gasa mai daraja ta biyu. Ta dawo a 2023, amma a watan Oktoba na 2025, da Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo ana dab da tashi, wasu suka faɗa cikin fili suka far wa alƙalan wasa da baƙi, aka sake cire maki uku, aka mayar da ƙungiyar Katsina. Wannan ba halin Kano kaɗai ba ne, an ga irinsa a filaye da yawa a Kudu da Arewa, sai dai ya fi ciwo a Kano domin a nan ne ake da abin asara mafi girma. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: duk laifin da za a ɗora wa shugabanni, wanda ya ɗauki dutse ya jefi ɗan wasan da ya zo baƙunta shi ma ya sa hannu wajen korar masu kallo, domin babu magidancin da zai riƙo hannun ɗansa ya kai shi inda ake tashi da hayaƙi mai sa hawaye.

Shi alƙalin wasa yana tsakanin wuta biyu. An daɗe ana barin ɗawainiyarsa ta masauki da zirga-zirga a hannun ƙungiyar da ke karɓar baƙi, an kuma sha jin alƙalai suna kukan bashin haƙƙinsu da ya taru. Mutumin da bai karɓi ladansa ba, wanda ya san cewa 'yan sandan da ke fili ba su da yawan da za su kare shi, wanda kuma ya san babu kamara da za ta nuna wa duniya abin da ya faru, ba sai an ba shi cin hanci kafin ya karkata ba. Tsoro kaɗai ya isa. A matakan ƙasa kuwa abin ya taɓa kaiwa inda duniya ta yi mana dariya, a 2013, lokacin da aka buga wasannin neman hawa gasa a Bauchi, wata ƙungiya ta ci 79 da nema, wata ta ci 67 da nema. An dakatar da waɗanda suka aikata, amma tabon ya zauna. Da aka fitar da sunayen alƙalan da za su busa gasar kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024, babu ɗan Najeriya ko ɗaya, alhali tawagar Najeriya ta kai wasan ƙarshe a wannan gasa.

Duk wannan yana komawa ne ga tambaya guda: wa ke da ƙungiyoyin? Mafi yawan ƙungiyoyi 20 da ke gasar mallakar gwamnatocin jihohi ne. Pillars ta gwamnatin Kano ce, Katsina United ta Katsina, Wikki Tourists ta Bauchi, El-Kanemi ta Borno, Niger Tornadoes ta Neja, haka Enyimba da Rangers da Rivers United a Kudu. Gwamna ne ke naɗa shugaban ƙungiya, sau da yawa a matsayin sakayya ta siyasa, daga baitulmali ake biyan albashi, kuma idan gwamnati ta sauya sai a share hukumar gudanarwa a kawo sabuwa. Mai shagon da mutum ɗaya ke saye duk kayansa ba ya damuwa da share ƙofar shago domin sauran jama'a, kuma haka shugaban irin wannan ƙungiya yake. Bai dogara da kuɗin tikiti ba, saboda haka ko bandakin fili ya lalace, ko ƙofar shiga ta zama wurin turmutsutsu, ko ba a sayar da rigar ƙungiya ko ɗaya ba, kujerarsa ba ta girgiza. Abin da zai girgiza ta shi ne a doke ƙungiya a gida ranar da manya ke zaune a rumfar baƙi. Daga nan ne matsin lamba ke gangarowa zuwa kan mai horarwa, da alƙalin wasa, da shugabannin magoya baya waɗanda wasunsu da kuɗin ƙungiya ake ɗaukar nauyinsu. Har al'adar nan ta a ce mai girma gwamna ya buɗe ƙofa kowa ya shiga kyauta, wadda ake yabawa a matsayin karamci, tana da illa, domin tana koya wa jama'a cewa wasan gida ba abin biya ba ne, alhali su ɗin nan suna biyan kuɗi ba gardama a gidan kallo.

Kuɗin gwamnati yana kuma danne mai zaman kansa. Ɗan kasuwar da ya kafa ƙungiya dole ya lissafa shiga da fita, amma yana takara ne da ƙungiyoyin da ba a taɓa tambayarsu riba ba. Iwuanyanwu Nationale, wadda ta yi tashe a hannun mai ita, a 2006 ta koma hannun gwamnatin Imo ta zama Heartland. Kuma wannan kuɗi na gwamnati, duk da yawansa a takarda, ba ya isa hannun ɗan wasa a kan lokaci. Labarin 'yan wasan da suka yi zaman dirshan a ƙofar gidan gwamnati suna neman albashi da kuɗin sa hannu ya maimaitu a jihohi da dama.

Ta fuskar talabijin tazarar ba ta misaltuwa. Yarjejeniyar nuna gasar Firimiya a cikin Birtaniya kaɗai, ta shekara huɗu daga 2025, ta kai fam biliyan 6.7, kuma ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a can tana samun fiye da fam miliyan 100 a kaka ɗaya. A nan, Enyimba ta karɓi naira miliyan 100 da ta ci gasa a 2023, Rangers ta karɓi miliyan 150 a 2024, Remo Stars kuma miliyan 200 a 2025, kuɗin da ba zai riƙe ƙungiya ko na rabin kaka ba. SuperSport ta daina nuna gasar a 2017, aka yi shekaru kusan ba a ganin ta, sai a ƙarshen 2023 aka ƙulla yarjejeniya da StarTimes, amma daga cikin wasanni goma da ake bugawa a mako kaɗan ne ke samun ɗauka mai inganci. Abin da ba a gani a allo kamfani ba ya sa masa talla, inda babu talla babu kuɗi, inda babu kuɗi kuma ƙwararre ba ya zama. Junior Lokosa ya ci wa Pillars ƙwallo 19 a 2018, shekara na zagayowa ya tafi Esperance ta Tunisiya. Mafi muni ma, manyan taurarin yanzu ba su bi ta gasar ba sam: Victor Osimhen daga makarantar horar da yara ta Legas ya wuce Wolfsburg, Kelechi Iheanacho ya wuce Manchester City, Wilfred Ndidi ya wuce Genk. Yaron da ke buga ƙwallo a filin makarantar firamare a Kano ya ga hanyar da waɗannan suka bi, ya kuma ga cewa ba ta ratsa ta Ƙofar Mata ba.

Waɗanda suka zauna kuwa suna biyan farashi da jikinsu. Kowace ƙungiya tana da tafiya 19 a kaka, mafi yawa a mota, kuma daga Maiduguri zuwa Legas ya kai kilomita 1,500. A watan Maris na 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar Pillars wuta a hanyarta ta zuwa Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni. A watan Maris na 2020 Chineme Martins na Nasarawa United ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasa a Lafiya, ya rasu, lamarin da ya tona asirin ƙarancin tanadin gaggawa a filayenmu. Ɗan wasan da ya kwana biyu a hanya ya sauka ya shiga fili mai tudu da kwari ba zai nuna wasan da zai yi gogayya da abin da ake gani a allo ba, kuma wannan ma yana cikin dalilan da suka sa nasarar waje ke wuya ko da alƙali ya yi adalci.

Wasu na cewa duk wannan magana ɓata baki ne, domin babu gasar Afirka da za ta iya ja da Ingila. Gaskiya ne ba za ta iya ba, amma ba a buƙatar ta iya, domin zuciyar mai kallo tana da wurin ƙungiya biyu. Tanzaniya ta tabbatar da haka. Mutanen Darussalam suna kallon Firimiya kamar yadda muke kallo, duk da haka ranar da Simba za ta haɗu da Yanga, manyan ƙungiyoyin birnin biyu, filin Benjamin Mkapa mai ɗaukar mutum 60,000 cika yake yi. Ƙungiyoyin biyu ba na gwamnati ba ne, suna da mambobi masu kati da 'yan kasuwar da suka zuba jari, kuma a 2021 kamfanin Azam ya sayi haƙƙin nuna gasar na shekara 10 a kan fiye da shilin biliyan 200. Yanga ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na Afirka a 2023, Simba ta kai a 2025. Najeriya, wadda yawan jama'arta ya ninka na Tanzaniya fiye da sau uku, tun bayan da Enyimba ta ci kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004 ba ta sake ɗaukarsa ba, kuma rabon da ƙungiyarta ta kai wasan ƙarshe tun 2009. Ba baiwa muka rasa ba. Marigayi Stephen Keshi ya ɗauki 'yan wasan gida ya je da su kofin Afirka na 2013, kuma Sunday Mba, ɗan gasar gida, shi ya ci ƙwallon da ta fitar da Kwaddibuwa, shi ya kuma ci wadda ta kawo kofin a wasan ƙarshe da Burkina Faso.

Adalci ne a faɗi cewa an samu ci gaba tun 2023. An kammala cikakkun kakanni masu wasa 38 a kan lokaci, nasarar waje ta daina zama abin mamaki kamar da, kuma hukuncin cire maki ya fara hawa kan manya. Nasarar Remo Stars a 2025 ta fi kowane abu ba ni ƙwarin gwiwa, domin ƙungiya ce mai zaman kanta daga ƙaramin garin Ikenne na jihar Ogun, tana da filinta da makarantar horar da yaranta, ta hau a hankali har ta ɗauki kofi. Yadda Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu ta fitar da ita daga kofin zakarun Afirka da tazara mai yawa bayan 'yan watanni ya nuna nisan da ya rage, amma hanyar da ta bi ita ce daidai.

Idan akwai garin da ya fi kowane dacewa da gwada irin tsarin Simba da Yanga, Kano ne, domin abin da sauran jihohi ke nema da kuɗi, wato jama'ar da ke son ƙungiyarsu, Kano tana da shi kyauta. Ahmed Musa, wanda ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kakar 2010 kafin ya tafi Holand da Rasha da Ingila, ya kuma ci ƙwallo huɗu a kofin duniya, ya dawo ya sa rigar ƙungiyar a 2021 da 2024, a 2025 kuma aka naɗa shi babban manajanta. Sunansa zai iya jawo kamfanoni, amma suna ba ya sauya tsari muddin ikon naɗi da sauke mutane da sakin kuɗi yana gidan gwamnati. Abin da nake ganin ya dace shi ne gwamnatin jiha ta riƙe filin wasa da wani kaso na mallaka, ta sayar da sauran ga 'yan kasuwar Kwari da Singa da Sabon Gari da kuma talakawan magoya baya ta hanyar katin zama mamba da ake sabuntawa duk shekara, su zaɓi shugabanninsu, a riƙa karanta musu lissafin kuɗi a bainar jama'a. Mutumin da ya san cewa tarar da aka ci ƙungiya daga aljihunsa za ta fita, shi ne zai fara riƙe hannun mai ɗaukar dutse. Katin kuma zai ba da damar hukunta wanda ya yi laifi shi kaɗai, a hana shi shiga fili na shekaru, a maimakon rufe fili a kan dubban mutanen da ba su ji ba ba su gani ba.

Akwai kuma wani gyara da ba ya buƙatar dokar majalisa. Yawancin wasannin gida ana buga su ne da ƙarfe huɗu na yammacin Lahadi, daidai lokacin da ake shirin fara babban wasan mako a Ingila, wato an tilasta wa saurayi ya zaɓi ɗaya alhali da zai so ya ga duka biyun. Dalilin da aka saba bayarwa shi ne rashin fitilu masu ƙarfi, amma filin Sani Abacha da ya karɓi wasannin kofin duniya na matasa a 1999 da 2009 da na kofin Afirka a 2000 bai kamata a ce gyaran fitila ya gagare shi ba. Da za a mayar da wasannin Kano da Katsina da Bauchi daren Juma'a bayan sallar isha'i, lokacin da zafi ya sauka, kasuwa ta tashi, manyan ƙungiyoyin Turai kuma ba kasafai suke wasa ba, a kuma ba masu gidajen kallo damar nuna wasannin waje na ƙungiyar jiharsu a kan kuɗi kaɗan, to rumfar da ake ɗauka kishiyar filin wasa ce za ta koma mai tallata shi a kowace unguwa.